Faɗakarwa Ga Matafiyi Game Da Gidajen Abincin Indiyawa Da Na Koriyawa A Birnin Landan

 Wannan bayani ne a kan al'amarin da ke tarar kowane matafiyi sau biyu ko sau uku a yini, watau sha'anin ciki. Mutum yakan tashi zuwa birnin Landan don ciniki, ko jinya, ko ziyarar ɗansa mai karatu, ya tanadi fasfo da biza da masauki da rigar sanyi, amma ya manta da tambayar abin da zai ci da inda zai ci shi. Daga nan wani ya ƙuntata wa kansa, ya yi mako biyu a kan burodi da shayi har ya rame. Wani kuwa yunwa ta kora shi gidan abinci na farko da ya gani, ya nuna hoto da yatsa, a kawo masa abin da bai san asalinsa ba. Wani kuma abokin cinikinsa ne zai gayyace shi, ya rasa yadda zai ƙi ba tare da ɓata zumunci ba, ya kuma rasa yadda zai ci da natsuwar zuciya. Maganin duka ukun sani ne. Gidajen da baƙo ya fi karo da su a wannan birni kuwa sun haɗa da na Indiyawa, waɗanda suka daɗe, da na Koriyawa, waɗanda suka yawaita daga baya.

Fasali na farko: asalin gidajen Indiyawa

A shekarar 1810 wani mutumin birnin Patna mai suna Sake Dean Mahomed ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan, a titin George Street, ya sa masa suna Hindoostane Coffee House. Nufinsa shi ne ya ciyar da Turawan da suka yi aiki a ƙasar Hindu suka komo gida da marmarin yaji. Ciniki bai karɓe shi ba, domin a 1812 ya karye. A 1926 aka buɗe wani gida mai suna Veeraswamy a titin Regent Street, wanda ya zama wurin manya da masu hannu da shuni.

Amma waɗanda suka kai wannan abinci kowane lungu na Ingila talakawa ne, ma'aikatan jirgin ruwa daga lardin Sylhet, wanda yake cikin ƙasar Bangaladash a yau. Su ne masu zuba gawayi a tukunyar jiragen da ke tasowa daga Kalkata, kuma da yawansu in jirgi ya iso Landan sai su sauka su zauna kusa da tashar jiragen, a gabashin birni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa sayen ƙananan shagunan shayi da na soyayyen kifi, suna dafa miyar garinsu a gefe, har miyar ta rinjayi kifin. 'Yan'uwansu suka biyo su, musamman bayan yaƙin neman 'yancin Bangaladash na 1971. Saboda haka mafi yawan gidajen da ake kira na Indiya a Ingila, masu su mutanen Bangaladash ne, Musulmi. Abin ya shiga jinin Turawa har a 2001 Ministan Harkokin Waje na Birtaniya, Robin Cook, ya ƙidaya gasasshiyar kaza cikin jar miya, wadda ake kira tika masala, a matsayin abincin ƙasarsu.

Fasali na biyu: unguwa da mai gida

Ya kamata mai karatu ya sani cewa sunan Indiya rumfa ce babba wadda al'ummai da addinai da yawa suke ƙarƙashinta, kuma kowace al'umma da unguwarta. A gabas akwai titin Brick Lane da Whitechapel, matattarar mutanen Bangaladash. A kan Brick Lane akwai wani gini mai ban al'ajabi: Kiristocin Faransa masu gudun hijira suka gina shi a 1743 don ibadarsu, a 1898 ya koma hannun Yahudawa, a 1976 ya zama masallaci. Babban masallacin gabashin Landan kuwa yana kan titin Whitechapel, tafiyar ƙafa kaɗan daga nan. Baƙo yana iya yin sallar Magariba cikin jam'i, ya fito ya tarar da gidajen abinci jere a dama da hagu.

A yamma, kusa da filin jirgin sama na Heathrow, akwai Southall, garin mutanen Panjab, inda har allon tashar jirgin ƙasa an rubuta shi da harufansu. A nan sai a yi hattara, domin da yawa daga cikinsu mabiya addinin Sikh ne, kuma masu cin nama a cikinsu suna da nasu yanka, wanda suke kira jatka, watau a sare wuyan dabba da sara guda. Addininsu ya hana su cin yankan Musulmi. To, gidan Basikhe da gidan Bapakistane Musulmi suna iya zama ƙofa da ƙofa, miya iri ɗaya, ƙamshi iri ɗaya, amma nama daban.

A Wembley, a titin Ealing Road, akwai mutanen Gujarat, waɗanda da yawansu daga gabashin Afirka suka zo, wasu bayan da Idi Amin ya kori mutanen Asiya daga Uganda a 1972. Yawancinsu 'yan Hindu ne ko mabiya addinin Jain, kuma gidajensu da dama ba nama a cikinsu sam, ba kifi, wasu ko ƙwai babu. Masu tsanantawa cikin mabiya Jain ba sa cin albasa da tafarnuwa da duk abin da ake tonowa daga ƙasa. Mutanen kudancin Indiya da na Siri Lanka kuwa ana samunsu a Tooting da East Ham.

Fasali na uku: abin da ke cikin akushin Ba'indiye

Bahaushe in ya zauna gaban wannan abinci zai ga dangi da yawa. Burodinsu mai suna nan gurasa ce, ana manna ta a cikin tukunyar ƙasa mai tsananin zafi da suke kira tandur, wadda ita ce tanderun masu gurasar Kano, sunan ma tushensa ɗaya da tannur na Larabci. Dosa da idli na mutanen kudu ƙullun shinkafa ne da wake wanda aka bari ya kwana ya tashi, ɗan'uwan sinasir da waina. Lasi kindirmo ne da aka dama da sukari ko gishiri ko mangwaro. Gi man shanu ne soyayye. Suna miyar kuɓewa, suna sa 'ya'yan zogale da tsamiya a miyar adas, mutanen Andhra kuma suna miyar yakuwa. A Gujarat da Rajasthan ana yin gurasar gero, kuma masana tarihin shuke-shuke sun tabbatar cewa asalin gero daga yammacin Afirka ne, ya isa ƙasar Hindu tun shekaru dubbai da suka wuce.

Kayan yajinsu ma sanannu ne a kasuwar Kurmi: kanumfari, da masoro, da citta, da kirfa, da hulba, da gangamau, da tafarnuwa. Bambancin shi ne sukan soya yajin cikin mai tukuna kafin su zuba sauran kaya, shi ya sa ƙamshin yake kama miya duka. Biriyani kuwa, wanda biranen Haidarabad da Lakno suka shahara da shi, ya yi kama da dafa-duka, sai dai ana jera nama da shinkafa hawa-hawa, a rufe tukunya ruf, a bari tururi ya ƙarasa dahuwa.

Miyoyin gidajen Ingila an jera su bisa ƙarfin barkono. Korma mai sanyi ce, da madara da kwakwa. Madaras tana da zafi. Bindalu ta fi ta, fal kuwa ta fi duka, har ma'abocin yaji yakan share hawaye. Bindalu tana da tarihi da ya kamata a sani. Asalinta daga Goa ne, yankin da Turawan Fotugal suka riƙe daga 1510 zuwa 1961, kuma a wurin Kiristocin Goa da naman alade da khal ake yinta. A gidajen mutanen Bangaladash da kaza ko rago ake yi, amma a gidan mutanen Goa sai a tambaya. Su Turawan Fotugal ɗin ne kuma suka kawo barkono ƙasar Hindu daga nahiyar Amurka.

Fasali na huɗu: Koriyawa da teburinsu

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga tashar Waterloo, kafin rabin sa'a zai sauka a New Malden, a kudu maso yammacin birni, inda dubban Koriyawa suke zaune, har ana lissafa wurin cikin manyan matattararsu a Turai. Sun fara taruwa a nan tun wajen shekarun 1970, kuma kamfanin Samsung ya taɓa ajiye ofishinsa na Ingila a unguwar. Cikinsu har da ɗaruruwan mutanen Koriya ta Arewa da suka tsero daga ƙasarsu. A watan Nuwamba na 2023 Sarki Charles na Uku ya kai musu ziyara. Ban da New Malden, gidajen abincinsu sun bazu a tsakiyar birni, musamman wajen Soho da Holborn.

Tsarin cinsu dabam yake da na Turawa. Kowa da ƙaramin kwanon shinkafarsa da na romonsa, sa'an nan a cika tsakiyar tebur da ƙananan faranti na mahaɗi, waɗanda suke kira bancan, kowa ya miƙa hannu ya ɗiba. Ana ci da cokali da tsinke biyu na ƙarfe. Sarkin mahaɗin shi ne kimci: kabeji ne da ake jiƙawa da gishiri, a shafe shi da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko jatan lande mai gishiri, a rufe a tulu har ya yi tsami. Tsaminsa irin na nono ne, ba ya sa maye. Kowace shekara kafin hunturu dangi da maƙwabta sukan taru su yi na watanni, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan gayya cikin al'adun duniya da ake kiyayewa.

A nan ma akwai dangi. Dwenjang daddawa ce ta waken suya, warinta da aikinta a miya kamar na daddawar kalwa. Dubu awara ce. Man riɗi shi ne man ƙamshinsu. Bibimbab shinkafa ce da ganyaye da ƙwai da jan yaji, ana kawo ta cikin kwanon dutse mai zafi, mai ci ya cakuɗa da kansa, ƙasan kuma ya yi ƙanzo, wanda suke so kamar yadda yaran Hausa suke sonsa. Samgyetang budurwar kaza ce da ake cusa wa shinkafa da tafarnuwa da 'ya'yan itace irin na magarya da saiwar magani, a dafa ta cikin romo. Abin da ya fi jan baƙi kuwa shi ne gashi: a tsakiyar tebur akwai murhu, a kawo ɗanyen nama yankakke, mutane su gasa da kansu, su yanka da almakashi, su naɗe cikin ganyen latas. Bulgogi naman sa ne da aka yanka siriri aka jiƙa cikin ruwan waken suya da sukari da man riɗi da tafarnuwa.

Fasali na biyar: wuraren tsantseni

Musulmi kaɗan ne a Koriya. Musulunci ya kafu can a wannan zamani ne ta hannun sojojin Turkiyya da suka je yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, babban masallacin birnin Seoul kuwa sai a 1976 aka buɗe shi. Ƙidayar 2015 ta nuna fiye da rabin mutanen Koriya ta Kudu ba su bin wani addini, sauran kuma yawanci Kirista ne da mabiya Buda. Don haka kukun Bakoriye bai taso da sanin abin da Musulmi yake gudu ba, kuma in ya sa alade a tukunya ba da mugun nufi ya sa ba.

Naman alade kuwa ya yi yawa a girkinsu. Samgyobsal, wanda ya fi kowane gashi farin jini a wurinsu, naman cikin alade ne. Mandu, wanda ya yi kama da ɗan wake mai ciki, galibi da nikakken alade ake cusa shi. Romon kimci sau da yawa da alade a ciki ko da ba a rubuta ba. Budae jige, watau romon bariki, an ƙirƙiro shi ne bayan yaƙi daga naman gwangwanin sojan Amurka, kuma alade ne. Sunde hanji ne da aka cusa wa jini. Ko shinkafar da ake naɗewa cikin ganyen teku, mai suna kimbab, takan zo da siririn yankin alade a tsakiya. Sa'an nan murhun tebur, in ba a sauya ƙarfensa ba, mai yiwuwa waɗanda suka tashi yanzu alade suka gasa a kai.

Abu na biyu giya ce. Sukan zuba giyar shinkafa kaɗan cikin ruwan da ake jiƙa nama don kashe ƙarni, kuma wasu kamfanoni suna sa barasa cikin jan yajin kwalba don kada ya lalace. A kan tebur kuwa, koriyar kwalba mai ruwa garau kamar na rijiya soju ce, mai kama da farar kunu kuma makgoli ce, dukansu masu sa maye. Abin shan da ba shi da illa shi ne shayin sha'ir, wanda suke kira borica. Yana da amfani matafiyi ya riƙe kalmomi biyar: dweji gogi alade, sogogi naman sa, dak kaza, sengson kifi, sul giya.

Fasali na shida: abin da malamai suka shimfiɗa

Ƙa'idar tana cikin littattafan da ke hannun kowane almajiri. A babin yanka na Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa ba a cin yankan Majusawa, amma abincinsu da ba ya bukatar yanka bai haramta ba. Bisa wannan, gidan ɗan Hindu da ba a dafa nama a cikinsa yana daga cikin wuraren da Musulmi zai ci hankali kwance. Haka kuma a mazhabar Imamu Malik dabbobin ruwa halal ne ba tare da yanka ba, saboda haka kifi da jatan lande da ƙaguwa na gidan Bakoriye ƙofa ce buɗaɗɗiya, muddin ba a haɗa su da giya ko romon alade ba. Gasasshen kifi da shinkafa, ko bibimbab ba nama, ko romon awara da kayan teku bayan an tambaya, duk suna ƙosar da mutum.

Naman sa da kaza su ne wurin bincike. Mai gidan abinci ba shi yake yanka ba, daga mahauta yake saye. Dokar Ingila ta wajabta a sumar da dabba kafin yanka, amma ta keɓe yankan Musulmi da na Yahudawa. Malamai sun yi saɓani a kan naman kasuwar Turawa, ko ya shiga cikin abincin Ma'abota Littafi da aya ta biyar ta Suratul Ma'ida ta halatta, ko kuwa yadda injuna suke aiki ya fitar da shi. Wannan mas'ala ce da ya kamata mutum ya kai wa malaminsa tun kafin ya hau jirgi. Masu ba da shaidar halal ma iri biyu ne: ƙungiyar HMC ba ta yarda da sumarwa ba sam, HFA kuwa ta yarda da sumarwar da ba ta kashe dabba. Takardar shaidar takan kasance manne a ƙofa ko kusa da wurin biyan kuɗi. Akwai gidajen Koriyawa 'yan kaɗan masu sayen naman halal, musamman na soyayyar kaza, sai dai a tambaya ko mai ɗaya ake soya kome da shi. A sani kuma cewa gidajen Musulmi da yawa namansu halal ne amma suna sayar da giya ga Turawa. Wanda ba ya son zama a irin wannan wuri yana iya sa a ƙunshe masa ya tafi masauki.

Fasali na bakwai: kuɗi da ladabi

A Brick Lane baƙo zai tarar da masu kira a bakin ƙofa suna alkawarin rangwame. Araha ba ta ado. Gara ya duba inda 'yan ƙasar suke ci da iyalansu. A jikin gilashin ƙofa akan ga koren tambari mai lamba daga 0 zuwa 5, wanda hukuma take bayarwa bayan duba tsabtar madafa, 5 ita ce mafi kyau. A ƙarshen takardar lissafi gidaje da yawa sukan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari ladan hidima, kuma tun watan Oktoba na 2024 doka ta ce wannan kuɗi na ma'aikata ne, mai gida ba ya taɓa shi. Shinkafa da gurasa a gidan Ba'indiye kuɗinsu dabam da na miya. Mahaɗin Koriyawa kyauta ne a ƙasarsu, amma a Landan wasu gidaje suna sa masa kuɗi. Wasu wurare kati kaɗai suke karɓa. Wanda gyaɗa ko riɗi ko madara take yi wa lahani ya faɗa tun da wuri, domin doka ta tilasta musu su bayyana.

Game da ladabi, Ba'indiye da hannun dama yake ci, ba zai yi mamakin wanda ya wanke hannu ya ajiye cokali ba, kuma bayan ci akan miƙo 'ya'yan ƙamshi a tauna kamar yadda ake miƙa goro. Bakoriye kuwa ba ya fara ci sai babba ya ɗaga cokalinsa, yana karɓa yana bayarwa da hannu biyu, kuma ba a kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, don hakan yana tuna musu da abincin da ake ajiye wa matattu. A al'adarsu zuba wa baƙo giya girmamawa ce, saboda haka attajirin da abokin ciniki ya gayyata ya sanar da shi tun ranar gayyata cewa shi Musulmi ne, ba ya shan giya, ba ya cin alade, kifi ya fi so. Wanda ya faɗi haka da sakin fuska kafin a zauna ya hutar da mai masaukinsa daga kunya, ya kuma tsare mutuncinsa, ciniki ya tafi daidai.

Matambayi ba ya ɓata. Tambaya uku ta ishi matafiyi a kowace ƙofa: wane nama ne, daga ina aka sayo shi, an sa giya a ciki ko ba a sa ba. In amsa ta gamsar, ya ambaci sunan Allah ya ci. In mai hidima ya yi inda-inda, kifi da ganye da adas suna nan. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalansu da riba mai albarka, amin. Wassalam.